Hannun Auta

Ni mai ƙunshi ce. Koyarwa nake yi a wata firamare a nan Gusau, ita ce aikin albashi, amma duk wanda ya san ni a unguwa da lalle ya san ni. Tun ina 'yar shekara 12 nake riƙe wa kakata zunguru a Kaura Namoda tana cusa hannun amare a ciki, har zamani ya juya aka koma leda da salatif da dayis. Tafin hannun da na buɗe a kan cinyata, Allah kaɗai ya san iyakarsu. Don haka ba wanda zai koya mini yadda tafin mutum yake. Layi biyu ne suke ratsa shi a kwance: na sama ya taso daga gefen ƙaramin yatsa ya nufi wajen manuniya, na ƙasa ya taso daga gefen manuniya ya ɗan gangara, kowa da hanyarsa. Sai na uku da ya zagaye gindin babban yatsa. Da su nake auna inda zan yanke zane, ko ido a rufe.

Cikin daminar 2013 na haifi Auta, ina da shekara 41, haihuwa ta takwas. Ba ta tsala kuka irin na yayyenta ba, ɗan ƙara ta yi ta yi shiru. Da aka goge ta aka miƙo mini, sai na yi abin da hannuna ya saba, na buɗe tafinta. Wanda ya san jariri ya san yadda yake dunƙule hannu tamau, sai ka yi dabara kafin ka ga ciki. Nata kuwa buɗewa ya yi laƙwas, kamar ganyen rama da ya sha rana. Layi ɗaya ne tak, ya ratsa daga wannan gefe zuwa wancan, sambal, kamar an ja da rula. Na duba ɗayan hannun, haka. Ƙaramin yatsanta gajere ne, ya ɗan karkata ciki, gaɓarsa kuma zane ɗaya ce maimakon biyu.

Ban tsorata ba, gaskiya. Na taɓa ganin irin layin nan a hannun amare biyu ko uku, a hannu ɗaya dai, kuma ɗaya daga cikinsu malama ce da muka yi aiki tare, mace mai kaifin kai kamar reza. Abin da ya dame ni shi ne nono. Sai ta kama ta saki, ta kama ta yi barci, in yi ta mintsinin tafin ƙafarta don ta farka.

Ranar suna surukata, Inna, ta ɗauki hannun ta ɗaga wa mata. Ta ce, "Wagga ɗiya mai arziki ta. Kun ga zanen ya tsare hannun? Abin da duk tar riƙa ba shi zubewa." Aka yi guɗa, aka yi dariya, ni ma na yi.

Wata huɗu, wata biyar, wuya bai tsaya ba. Harshe kullum a ɗan waje. In ka ɗauke ta sai ta sulale maka kamar tsumma jiƙaƙƙe. Nan fa bakin mata ya sauya. Ba a faɗa a gabana, amma bango yana da kunne, kuma yarana suna zuwa Islamiyya da yaransu. Aka ce ɗiyar ruwa ce. Aka ce ni na jawo, ina yawon gidajen amare da almuru da tsohon ciki, aka yi mini musanya. Wasu suka ce dayis ne da nake shaƙa dare da rana. Wannan ta ƙarshen ita ta zauna mini a zuciya, don ita ce ta yi kama da hankali. Na kwashe kwalaben na zuba a masai, na yi wata uku ban taɓa baƙin lalle ba.

Wata tsohuwa har ɗakina ta shigo, ta rage murya, ta ce ta san mutumin da ake kai wa irin waɗannan. Ana zuwa bakin gulbi a ajiye su, a juya baya, in na ruwa ne sai ya koma inda ya fito. Ina riƙe da Auta tana wannan magana, yarinyar tana wasa da bakin mayafina. Ban san ina da irin wannan muryar ba sai ranar. Har yau ba ta ƙara taka zaurenmu ba, ni kuma ban je biko ba.

Ciniki ma ya ja baya. Wata hajiya da na yi wa 'ya'yanta huɗu ƙunshin aure ta kawo ta biyar mai ƙaramin ciki, za su biki. Tana hango Auta a kan tabarma sai ta ja hannun 'yarta, wai sun yi mantuwa za su dawo. Mai ciki ba ta kallon irin wannan, kar ta haifo kamarsa. Ba su dawo ba.

Malam, maigidana, mutum ne mai ƙarancin magana. Da danginsa suka matsa a kai ta wurin mai duba, abu ɗaya ya ce: wanda ya je wa ɗan duba ya tambaye shi, ba a karɓar sallarsa kwana 40, shi kuma ba shi da sallar kwana 40 ta zubarwa. Aka bar maganar, a gabansa dai.

Tana wata bakwai tari ya kama ta, numfashi sama-sama, muka kwana biyu a asibiti. Likitar yara ce ta zo zagaye, matashiya, da ƙyar in ta girmi babbar 'yata da shekara biyar. Ta gama sauraron ƙirji, sai na ga ba ta wuce gado na gaba ba. Ta dubi idon Auta, ta taɓa kunnuwanta, ta shafa ƙeyarta. Sannan ta buɗe tafin hannun dama, ta buɗe na hagu, ta daɗe tana kallo. Ta koma ƙafa, ta sa yatsanta a tsakanin babban yatsan da mai bi masa, inda akwai wata 'yar tazara kamar ta wanda ya shekara yana sa silifas. Inna tana zaune a kan tabarma a gefen gado, duk tana lura. Ta kasa haƙuri ta ce, "Yo ɗiyata, ke ma duba kika yi? Mi kig gani?"

Likitar ta yi murmushi, ta durƙusa daidai da ita. Ta ce, "Inna, mai duba gobe yake cewa ya gani. Ni jiya nake karantawa."

Da yamma ta dawo, ta jawo kujera. Ta ce jikin mutum an gina shi da ƙwayoyi ƙanana da ido ba ya gani, kowace ƙwaya a cikinta akwai ƙullin gado guda 46 da ake kira kromosom, biyu-biyu, rabi daga uwa rabi daga uba. A wasu yaran, ƙulli na 21 sai ya zo uku maimakon biyu, su zama 47. Wannan ƙarin guda ɗaya shi ke taɓa komai kaɗan-kaɗan: ƙirar fuska, laushin jiki, saurin fahimta, har zanen hannu. Sunansa lalurar Down, sunan wani likitan Ingila da ya bayyana kamannin a 1866. A rediyo nakan ji ana cewa galahanga, amma a ganina wannan kalma buhu ce, ana zuba lalurori da yawa a cikinta da ba su haɗa komai ba, kamar yadda muke kiran kowane ciwo zazzaɓi.

Na ce, "Likita, dayis fa?" Muryata na rawa. Ta ce in kwantar da hankalina, abin ya faru ne tun ranar da cikin ya shiga, kafin ni kaina in san ina da shi. Ba fitar almuru, ba abin da na ci, ba abin da na shaƙa. Amma ba ta ɓoye mini batun shekaru ba: ta ce yana ƙaruwa in mace ta manyanta, a wajen shekara 40 kusan ciki ɗaya ne cikin 100, ko da yake masu ƙuruciya ma suna haifa. Sannan ta ja mini kunne da abu biyu. Na ɗaya, hannu alama ce kawai, gwajin jini ne ke tabbatarwa. Na biyu, wanda ta fi nanatawa, kusan rabin yaran nan ana haihuwarsu da matsala a zuciya, don haka kafin komai a je a yi hoton zuciya, daga baya kuma a riƙa duba maƙoshi, da ji, da gani.

Da na faɗa wa Malam da daddare, bai ce uffan ba. Ya ɗauki ɗan yatsanta ya ɗora a kan nasa, ya karanto ayar nan ta Suratul Ƙiyama, "Bala ƙadirina ala an nusawwiya bananah", inda Allah yake cewa Shi mai iko ne Ya daidaita har kan yatsun mutum. Ya ce, "Wanda Ya zana wannan bai yi kuskure ba. Gobe ki tambayi kuɗin mota zuwa Sakkwato."

A asibitin koyarwa na Sakkwato aka ga 'yar ƙaramar ƙofa a zuciyar, aka ce a sa ido, tana iya rufewa da kanta. Ta rufe kafin ta cika shekara huɗu, alhamdulillahi. Gwajin jinin sai da na sayar da tunkiya, aka aika da jinin nesa, muka jira makonni, ya dawo da abin da likita ta riga ta faɗa. Ta zauna tana wata goma sha ɗaya, ta yi tafiya tana shekara biyu da wata takwas, kalmarta ta farko kuma ba Mama ba ce, ba Baba ba, "lalle" ce, ko da yake "yayye" take cewa.

Abin da ya sa na zauna rubuta wannan ya faru ne a 2019. Ina kai Auta wani aji na yara masu buƙata ta musamman kwana uku a mako. Shekarar ce aka sa hannu a dokar hana nuna wa naƙasassu wariya, cikin Janairu, muka ji a rediyo muka yi murna, ajin dai bai sauya ba: malama ɗaya, yara kusan ashirin, tabarma uku. Wata rana sai ga wata ɗaliba daga jami'a, mai karatun ƙirar jikin ɗan Adam, tana aikin binciken kammalawa. Ta tara iyaye, ta yi bayani, ta ba mu takardar amincewa. Wai tambarin yatsu da na tafin hannun yaran take son ɗauka. Iyaye biyu suka ƙi, ɗaya ya ce shi dangwale na zaɓe kawai ya sani, kuma ko shi bai ga amfaninsa ba.

Ta fito da kayanta: baƙar tawada, ɗan abin murzawa, farar takarda, gilashin ƙara girma, sabulu da bokiti. Yaron farko na ganin tawada ya ƙwalla ihu, sauran suka ɗauka. Baiwar Allah ta rasa yadda za ta yi, gumi ya jiƙa mata hijabi. Na ce, "Ƙanwata, matsa. Riƙe hannun da ba ya son a riƙe shi sana'ata ce." Na ce wa yaran ƙunshin Sallah za a yi. Na zaunar da kowa a cinyata, na tallafi gwiwar hannu, na danna bayan tafin don tsakiyar ta taɓa takarda, na mirgina kowane yatsa daga gefen farce zuwa gefen farce kamar yadda ta nuna mini. Kafin azahar mun gama. Ladana shi ne ta miƙo mini gilashin.

Shekara talatin da wani abu ina kallon tafin hannu, ashe manyan layukan kawai nake gani. A ƙarƙashin gilashi fatar gona ce da aka yi wa huɗa, kunya bayan kunya, siriri-siriri, suna tafiya tare suna lanƙwasa tare. Ta ce a kan yatsa iri uku ne manya. Akwai wanda kunyoyin suke naɗewa kamar faifai. Akwai wanda suke shigowa daga gefe, su yi kwana, su koma ta inda suka fito, kamar zargen igiya, shi ya fi yawa a mutane, ya kai kusan kashi biyu cikin uku. Sai wanda suke hawa ɗan tudu su sauka ta ɗaya gefen, shi ne mafi ƙaranci. Na dangwala nawa: zarge shida, faifai uku, tudu ɗaya. Na Auta kuwa duka goman zarge ne, kuma duk bakinsu ya buɗe ta wajen ƙaramin yatsa, kamar an jera su sahu. Ta ce haka ake yawan samu a yaran Down.

Sai ta nuna mini wani abu a tambarin tafin. Akwai wuraren da kunyoyi suke tahowa daga fuska uku su haɗu, su yi mararraba. Ɗaya a gindin manuniya, ɗaya a gindin ƙaramin yatsa, ɗaya kuma can ƙasa kusa da wuyan hannu. Ta ɗiga biro a kan ukun, ta ja layi biyu daga ta ƙasan zuwa na saman, ta ɗauko abin auna kusurwa irin na cikin gwangwanin lissafin 'yan makaranta. Nawa digiri 43. A hannun Auta mararrabar ƙasan ta hauro har kusan tsakiyar tafi, sai kusurwar ta buɗe: 68 a dama, 71 a hagu. Ta ce yawancin mutane 40 da 'yan kai ne, na yaran Down kuwa sau da yawa yana wuce 57.

Na tambaye ta me ya haɗa fatar hannu da ƙwaƙwalwa. Ta ce tun farkon halitta a ciki, fata da ƙwaƙwalwa daga shimfiɗa ɗaya suke tsirowa. Manyan layukan tafi suna fitowa wajen wata na uku. Kunyoyin kuma suna farawa wajen mako na 10, a kan wani ɗan tudun nama da ke kan kowane yatsan tayi: in tudun ya yi tsawo sai a samu faifai, in ya karkata gefe a samu zarge, in ya kwanta a samu tudu. Kafin wata na shida an gama, an rufe littafi. Daga nan ba sa sauyawa har kabari, sai dai su ƙara faɗi, kuma ko tagwaye masu kama ɗaya ba sa haɗa tambari. Don haka duk abin da ya taɓa tsarin girman tayi a waɗannan makonni yana iya barin sawu a hannu. Ta ce wani masani a Amurka, Harold Cummins, shi da abokin aikinsa suka raɗa wa wannan ilimi suna a 1926, kuma a 1939 ya bayyana zanen hannun yaran Down, shekara 20 kafin masu bincike a Faransa su gano ƙarin kromosom ɗin a 1959. Shi ya sa ma aka ware ranar 21 ga Maris don yaran: wata na uku, rana ta 21, wato ƙulli na 21 da ya zo uku. Ta kuma faɗa mini, tana sunkuyar da kai, cewa tsofaffin littattafansu layin biri suke kiran layin Auta, amma an daina. Na ce gara da aka daina, don da marubucin yana kusa da ya ji daga bakin wata mai ƙunshi.

Muka baje takardun a kan tabarma suna bushewa. Yara huɗu ne masu lalurar Down a ajin, tambarinsu kuwa ya fi kama da juna fiye da yadda na Auta ya yi kama da na yayyenta ciki ɗaya. Biyu suna da layi ɗaya, biyu ba su da shi, amma zargen da kusurwar suna nan. Sauran yaran fa? Yawancinsu hannunsu kamar nawa, kamar na kowa. Ga yaro ba ya magana, ba ya iya riƙe cokali, tafinsa kuwa lafiya lau. Na ce to wannan fa? Ta ce, "Anti, tambayi uwarsa yaushe abin ya fara." Na sani ba sai na tambaya ba. Wannan doguwar naƙuda ce, kwana biyu a gida. Wancan shawara ce ta kama shi yana jariri, idonsa ya yi rawaya aka tsaya jiƙe-jiƙe. Waccan sanƙarau, a annobar 2017. Wani zazzaɓin cizon sauro ne ya haye masa ƙwaƙwalwa. Duk bayan an gama zanen hannu abin ya same su.

A nan ne ƙanwata ta faɗo mini a rai.

A wani ƙauye na ƙasar Anka aka aurar da ita. Lokacin da zinariya ta yi tsada, mazan garin suka koma haƙo dutse, ana kawowa gida, a farfasa, a niƙa, mata su daka a turmi su tankaɗe a tsakar gida, yara na rarrafe cikin ƙurar. Ba wanda ya san dutsen cike yake da dalma. A 2010 yara suka fara suma da farfaɗiya suna mutuwa a ƙauyukan Anka da Bukkuyum, har likitocin agaji na MSF suka gano gubar dalma ce. Yara aƙalla 400 suka rasu. 'Yar ƙanwata mai shekara huɗu tana cikinsu. Ƙaninta, mai shekara biyu lokacin, ya rayu. An ba shi maganin da ke fitar da gubar daga jini, an kankare ƙasar gidajen an zubo sabuwa, amma abin da ya riga ya lalace a kai bai dawo ba. Yaron da ya fara kiran sunan awaki, yau saurayi ne, sai an sa masa riga.

Da rashin tsaro ya koro su suka dawo Gusau, jajibirin wata Sallah muna zaune ni da ita a tsakar gida, na gama wa yara ƙunshi. Na jawo hannunsa na buɗe. Layi biyu kyawawa, kowa da hanyarsa. Faifai a babban yatsa, a naɗe tsaf. Na kawo na Auta na ajiye kusa da nasa, ina ta zuba bayani, mako na 10, wata na shida, ina jin daɗin ilimina. Ban lura ta yi shiru ba. Can ta ce, "Yaya, ke naki daga ciki aka rubuto shi. Ni nawa lafiyayye aka ba ni. A turmina na daka shi."

Na rasa inda zan sa kaina. Zanen da ya wanke ni daga zargin dayis da almuru, shi ne na ɗauka na nuna mata cewa ɗanta cikakke ya zo. Na ce ba ki sani ba, ba wanda ya sani, har mazan da suka kawo dutsen. Ta ce ta sani ba ta sani ba. Ta ɗauki ragowar lallen ta shafa masa a farce ɗaya, kamar yadda take yi masa tun yana ƙarami, muka zauna har aka kira isha'i ba wanda ya ƙara magana.

Wannan bai ishe ni darasi ba, sai da na sake yin wata. Ɗan ilimi kaɗan ya fi jahilci hawa kai. Na zama duk jaririn da aka miƙo mini sai na buɗe tafinsa a sace. A wani gidan suna na ga layi ɗaya a hannun hagun yaro, na ja mai jegon gefe, yarinya 'yar haihuwar fari, na ce ta kai shi a duba, don irin na Auta ne. Ta kwana uku tana kuka, nono ya ɗauke. Suka kai shi asibiti, lafiyarsa ƙalau. Ashe baffan mijinta ma haka hannunsa yake, mutumin da ya haddace Alƙur'ani yana shekara 14. Ɗalibar nan ta faɗa mini tun farko cewa kusan mutum ɗaya cikin 30 yana da layin nan a hannu ba tare da wata lalura ba, kuma rabin yaran Down ma ba su da shi. Na ji, kuma na ga amare da idona, amma na manta. Na ɗauki turmin atamfa na je na ba da haƙuri. Uwar mijin ta karɓa ta ce, "Malama, ki tsaya ga lallenki." Ta yi gaskiya. Yaron yanzu yana firamare, shi ke zuwa na ɗaya ko na biyu, duk sanda ya gaishe ni a hanya sai na ji kunya ta rufe ni.

Yanzu in na ga jariri jikinsa laƙwas, ba ya kama nono, yana haki ko leɓensa na yin duhu in ya yi kuka, abin da nake cewa kawai a kai shi likitan yara ya saurari ƙirjinsa. Hannu ko na gani ba na ambata. Kwanaki kuma 'yata ta nuna mini wani talla a Facebook, wai a kawo yaro a ɗora yatsunsa a na'ura a faɗa maka ko likita zai zama ko injiniya, a biya kuɗi masu kauri. Na ce mata ɗan duba ne ya sayi kwamfuta.

Auta shekararta 12 yanzu. Tana karanta Fatiha da ƙananan surori huɗu, tana rubuta sunanta da manyan baƙaƙe, harafin ƙarshe kullum a juye. Ita ke tankaɗe mini lalle, ita ke yanka salatif tana jerawa a gefen faranti, kuma ita ke karɓar kuɗi. In ta dunƙule naira ɗari biyar a hannun nan, sai an yi da gaske kafin a ba mai ita canji. Inna ta rasu shekara uku da suka wuce, amma ta ga wannan, kuma ba ta taɓa bari ya wuce ba tare da ta ce ai ta faɗa ba.

Ƙunshinta ne ya daɗe yana ba ni wahala. Duk zanen da na iya a kan layi biyu na gina shi, a tafinta sai ya zauna a karkace. Daga baya na daina faɗa da hannun. Nakan ɗora siririn salatif a kan layin nata daga gefe zuwa gefe, in cika sama da ƙananan ganye, in cika ƙasa da ja sosai, in an wanke sai layin ya fito fari tas a tsakiya. Wata amarya ta gani a Sallar bara ta ce irinsa take so. Ƙawayenta suka biyo baya. Yanzu sunan zanen a unguwa "na Auta", kuma su sai na yi musu layin ƙarya, in ratsa salatif a tsakanin nasu biyun, in yi ta gyara don kar ya karkace. Ita Auta kuwa ba ta taɓa haƙurin awa biyu ba. Ina juya baya za ta zare ledar ta tafi nuna wa Babanta, shi ya sa nata kullum ruwan goro yake tsayawa.